Zuberu Mai Kanofi da Keken Iskar Fu'ad

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ko suna ko addu'ar arba'in a Zangon Kumasi cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya in bai zauna ƙarƙashin kanofin Zuberu ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta saboda jan igiya. Fataucin goro ne ya kawo kakansa daga Dogon Dutsi. Ubansa ɗinkin tampol na manyan motoci ya yi har ya rasu, shi kuma ya gaji keken ɗinkin, ya koma ba da hayar kanofi da kujerun roba. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa rasa na cefane ba. Abin da yake tinƙaho da shi ɗaya ne: iska ba ta taɓa ɗauke masa rumfa ba. Idan damina ta kama, mata masu biki kan aiko a tambaye shi yadda la'asar za ta kasance. Sai ya fito bakin shago, ya dubi gabas, ya ɗan shaƙi iska, ya ce, "Ku raba abinci kafin ƙarfe huɗu." Kuma a raba ɗin.

Amma in ka tambayi matarsa Hajaratu abin da Zuberu ya fi so a duniya, ba za ta ce kanofi ba, ba kuma za ta ce ita ba. Cewa za ta yi Moro.

Moro tsohon direba ne. Shekara ashirin da biyar ya yi yana jan motar kaya tsakanin Kumasi da Bawku, har yanar ido ta rufe masa na hagu, 'ya'yansa suka taru suka karɓe makulli. Tun suna samari suke tare da Zuberu. Da ya bar tuƙi sai bencin ƙofar shagon ya zama wurin aikinsa. Kullum da safe su sha koko da ƙosai, su yi gardamar ƙwallo har rana ta kore su. In an samu aiki, Moro ya riƙe ƙarfe, ya taya ɗaure igiya. Zuberu na kiransa Direba, shi kuma ya ce masa Gajere, kuma duk Zango babu wanda ya isa ya faɗi wannan suna sai shi.

Wata safiya, bara waccan, suna kan bencin sai ga Fu'ad mai walda. Magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, shagonsa na Akwatialine tsakiyar masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda ake kira 'yan kondem. Ƙofofi da tagogi yake ƙerawa. Ya rusuna ya gaishe su, sannan ya ce, "Baba Zuberu, alfarma na zo nema. Tsohon tampol, ko wanda ya yage, in kana da shi."

"Ɗakinka ke yoyo?"

"A'a, Baba. Keke nake haɗawa."

"Keke da tampol? Sanyi yake ji?"

Fu'ad ya yi dariya, ya ciro waya ya miƙa musu. A ciki wani Bature ne kwance a wani abu mai taya uku, da dogon zane a tsaye bisa kansa, yana gudu a bakin teku kamar an koro shi.

"Ba inji, ba fetur," in ji Fu'ad. "Iska kawai."

Zuberu ya mayar masa da wayar da yatsa biyu. "Can teku ne, yaro. Nan Kumasi iskarmu iri biyu ce. Akwai wadda ba ta iya kashe ashana, akwai wadda ke cire kwano. Wacce za ka hau?"

Moro bai yi dariya ba. Ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da idonsa mai kyau, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan abin, yana da sitiyari?"

"Da ƙafa ake juya shi, Wofa," in ji Fu'ad, wato kawu.

"Lasin fa?"

"Wane ɗan sanda zai tambayi lasin na tampol?"

Moro ya sake kunna hoton. Kokonsa ya huce bai sani ba.

Washegari Moro bai zo ba sai hantsi, da baƙin mai a hannun riga. Jibi bai zo ba sam. Zuberu ya zauna da ƙosan mutum biyu, ya cinye nasa, ya dinga korar ƙuda daga na Moro har suka yi sanyi. Da ya koma gida da su a takarda, Hajaratu ta dube shi ta dubi takardar.

"Ei, Malam. An yi maka yaji ke nan?"

"Wa ya ce ina jiran wani?"

"Ni ban ce ba. Ƙosan ne ya faɗa."

Rana ta huɗu Moro ya zo, amma bai zauna ba. A tsaye ya ce, "Gajere, ba mu tampol ɗin nan mana. Mun gama ƙashin jikin, shi kaɗai ya rage."

Mun gama. Mu. Kalmar ta tsaya wa Zuberu a rai. Shekara arba'in in Moro ya ce "mu", su biyun nan yake nufi.

Ya shiga cikin shago, ya wuce tampol shuɗi da farare, ya jawo wani daga can ƙasa: mai ratsin ja da baƙi, irin wanda yake kafa wa Asantawa ranar jana'iza. Ya jefa masa a ƙafa.

"Ga shi. Ya dace da aikin."

Moro ya naɗe shi a kafaɗa ko a jikinsa. "Yoo. Wannan kujerar da ƙafarta ta karye fa?"

"Ɗauka. Bencin ma in kuna so."

"Injiniya ya ce kujera ɗaya ta isa."

Injiniya. Yaron da ko takardar gama koyon aiki Zuberu bai tabbata yana da ita ba.

Sati uku Zuberu bai taka Akwatialine ba. Labari ne ke iske shi. Mai shayi ya ce Moro ya zama ɗan aike, yana bin 'yan kondem layi layi yana neman tayar baro. Mai aski ya ce sun yanka tampol sau uku kafin ya zauna. Wata mai biki ma, wadda ta zo tambayar hadari, ta ƙara da cewa, "Ko in tambayi Fu'ad? An ce yanzu shi ma ya san iska paa." Zuberu ya ce mata ta je ta tambaye shi, in ruwa ya jiƙa mata shinkafa shi ma ya yi mata walda.

Ranar wata Alhamis ya ce zai je sayen igiya. Akwai mai igiya a bayan shagonsa, amma sai ya ga ta Akwatialine ta fi ƙwari.

Ya tarar da mutane sun yi da'ira a ƙofar shagon Fu'ad. Abin yana tsakiya. Gadon ƙarfe ne na makarantar kwana aka yanke aka mayar da shi mai kusurwa uku. Tayar baro biyu a baya, can nesa da juna, a gaba kuma tayar ƙaramin babur da ƙahon keke wanda za a taka da ƙafa. Kujerar Zuberu, an gutsure sauran ƙafafunta, an ɗaure ta da kusoshi a tsakiya. Dogon bututun famfo ya tashi sama, wayoyin burki na tsohuwar mota uku suna riƙe da shi, tampol ja da baƙi ya miƙe a jikinsa, an ɗinke shi da kyau, an zura gora a gindinsa. Zuberu ya zagaya shi sau ɗaya yana neman abin kushewa. Waldar ta yi kyau. Wannan ma ya ƙara ɓata masa rai.

Sai idonsa ya faɗa kan igiyar da ta taso daga ƙarshen gorar. An jawo ta an ɗaure a wani zobe a bayan kujera. Ya san ƙullin nan, domin shi ya koya wa Moro. Ƙulli ne wanda in iska ta ja shi sai ya ƙara kamewa, ba ya kwantuwa sai da wuƙa.

A nan akwai abin da Zuberu bai taɓa faɗa wa kowa ba. Duk kanofin da ya kafa, kusurwa uku yake bari a ɗaure da wannan ƙulli. Ta huɗu, wadda ke fuskantar gabas, shi yake ɗaure ta da hannunsa, kuma zarge yake yi. In hadari ya fi ƙarfin rumfa, fizga ɗaya zai yi, tampol ya saki, iska ta wuce abinta, ƙarafa su tsaya. Mutane na cewa Zuberu ya iya ɗaurewa. Gaskiyar ita ce ya san inda ake saki. Shekara goma Moro na ɗaure kusurwa uku, bai taɓa tambayar abin da ya sa ta huɗu ba tasa ba ce.

Kallo ɗaya Zuberu ya yi ya gane ƙarshen abin. Igiyar nan a hannun mai tuƙi ya kamata ta kasance, in iska ta yi yawa ya sassauta. A ɗaure tamau haka, ranar da guguwa ta buga daga gefe, babu inda za ta bi sai ta kifar da keken da wanda ke ciki.

"Baba Zuberu!" in ji Fu'ad, yana goge hannu. "Wallahi na ji daɗi. Kai ne mai iska. Duba mana, akwai gyara?"

"Wa zai hau?"

"Wa kuwa?" in ji Moro, yana buga ƙirji. "Direba ɗaya ne a nan. Dubi ɗaurin nan, Gajere. Naka ne sak. Ko giwa ba ta tsinka shi."

Zuberu ya buɗe baki. Yana da wata murya da Moro ya sani, ƙasa ƙasa, ba wasa a ciki, wadda yake yi in suna kan aiki hadari ya taso. In ya ce "Moro, sauko" da wannan murya, Moro ko tsani bai gama hawa ba zai diro. Ita ce ta zo masa bakin harshe.

Daidai nan Moro ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare shi biyu, ya jefa ɓari a baki, ya miƙa wa Fu'ad ɗayan, ko waiwaye bai yi ba. Hannunsa ne kawai ya saba.

Zuberu ya bi ɓarin goron da ido har ya shiga bakin Fu'ad. Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan da'ira za su ji.

"Ei, jama'a, ku zo ku ga injiniyoyi! Sun ɗaure iska kamar akuyar layya. To ranar da ta tashi tafiya, da ku za ta tafi. Direba, ka yi alwala tun a ƙasa, don a sama za ka yi la'asar!"

Aka fashe da dariya. Fu'ad ya ɗan dubi igiyar, ya dubi Moro.

"Rabu da shi," in ji Moro. "Haushi yake ji. Tun muna samari haka yake, in ba shi ya yi abu ba, abin bai yiwu ba."

Zuberu ya koma gida ba igiya. A hanya yana ce wa kansa: na faɗa. A gaban mutum ashirin na faɗa. In abin ya kife, ai sai su haƙura, kowa ya koma bencinsa.

Ranar Lahadi suka ɗora keken a aboboya, babur mai taya uku na ɗaukar kaya, suka nufi Kwadaso, inda aka shimfiɗa wa wata sabuwar unguwa kwalta tun ba a gina gidajen ba. Hanya ce miƙaƙƙiya, ba mota, ba mai talla. Zuberu ya ce ba zai je ba. Bayan azahar ya hau trotro, motar haya, ya sauka nesa, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro inda zai ga kowa.

Sun daɗe suna jira. Tampol ya yi laƙwas, 'yan kallo suka fara tsokana. Wajen ƙarfe uku gabas ta yi duhu, iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Tampol ya cika, ya yi ƙara, keken ya motsa. Da farko kamar mai tura baro, sannan kamar mai keke, sannan Fu'ad da ke binsa da gudu ya kasa cim masa.

Moro kuwa ihu yake. Yana yin oda da baki, pom pom, yana kiran garuruwa kamar yaron mota: "Techiman! Kintampo! Tamale, a sauka!" Hularsa ta tashi bai kula ba. Rabon da Zuberu ya ji wannan dariyar tun ranar da aka karɓe makullin mota. Shekara goma yana saya masa koko bai samo ta ba, ga wani ya samo ta da gadon makaranta da tayar baro.

Sai ganyen mangwaron da ke bisa kansa ya juya cikinsa sama gaba ɗaya. Zuberu ya san abin da ke biye. Ya fito kan kwalta da gudu.

"Moro, saki! Saki!"

Babu abin saki. Iskar ta bugi tampol daga gefe, tayar hagu ta ɗaga, ta tsaya a sama kamar tana shawara, sannan keken ya kife cikin kwalbati da Moro a ƙarƙashi.

Hannun dama ne ya karye, ƙasa da gwiwa. Mai ɗori ya jera masa karare, ya ce sati shida ba motsi. Fu'ad ya zo dubiya sau uku, kowane zuwa kansa a ƙasa, 'ya'yan Moro suna harararsa. Keken kuwa aka jingine shi a bayan shago.

Zuberu ya ɗauke bencinsa cak ya kai ƙofar gidan Moro. Kullum da safe ga shi da koko da ƙosai. Shi ke riƙe masa kofi, shi ke gyara masa matashi, shi ke ɗaura masa agogo a hannun hagu. Gardamar ƙwallo ta dawo. Ya bar aiki biyu ya ba wani. Hajaratu ta dube shi wata rana yana shafa turare zai fita.

"Malam, abokinka ya karye, kai kuma kana ƙiba."

Ya rufe kwalbar turaren ya fita.

A sati na biyar, suna zaune, Moro ya ce, "Jiya Injiniya ya zo. Ya sake kallon hoton nan a hankali. Ashe Baturen a hannu yake riƙe igiyar."

"To. Ai na faɗa muku."

"Ka faɗa."

"A gaban mutane na faɗa. Tambayi kowa."

"Na ce ka faɗa, Gajere." Moro ya juyo da idonsa mai kyau. "A Kwadaso, kafin in kife, na ji ka. Cikin duk ihun nan muryarka na ji, har hannuna ya kai baya yana neman igiya. Kwana talatin ina kwance ina tunani. Wannan muryar, ran Alhamis a gida ka manta ta?"

Zuberu ya dubi kofin da ke hannunsa.

"Da ka ce min 'Moro, kwance' yadda ka saba, wallahi da haƙori zan kwance shi. Ka sani."

Mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa. Sai da ƙarar ta yi nisa Zuberu ya ce, "Ka ba shi gorona."

"Me?"

"Ɓarin goro. Ina tsaye. Ka ba shi."

Moro ya fara dariya, ya kama hannun da ya karye saboda zafi, bai daina ba. "La'ilaha illallahu. Hannuna guda, a kan ɓarin goro! Tsoho da jikoki!"

"Ban ce ka karye ba. Na ɗauka ƙujewa za ka yi."

"Ka ɗauka." Dariyar ta tsaya. "To ji nan. Ranar da aka kwance karan nan, Akwatialine zan koma, kuma zan sake hawa. Ba zan fasa don kai ba. In ka ga dama ka zo ka nuna mana yadda ake yi. In ba ka ga dama ba, ka ɗauki bencinka."

Zuberu bai ce zai zo ba. Amma ranar da aka tayar da keken, an gan shi a shagon Fu'ad, fuska a ɗaure, yana zura igiya ta cikin zobe yana miƙa wa Moro bakinta a hannu. Ya kuma ware ɗinkin tampol ɗin ya sake shi, wai na da aikin makafi ne. Fu'ad ya yi ta godiya, Zuberu bai dube shi ba.

Yanzu keken ya shekara yana gudu, bai sake kifewa ba. Duk Zango "keken Fu'ad" ake ce masa, kuma duk lokacin da aka faɗa a gaban Zuberu sai ya gyara zama. Ranar Lahadi su ukun suke haɗuwa a Akwatialine, kuma ba a ɗora keken a aboboya sai Zuberu ya fito ya dubi sama ya ce a tafi.

Lahadin da ta wuce ya fito, ya dubi gabas. Ledoji na tashi a kan titi, rigunan shanya na kaɗawa a bayan gidaje.

"Yau babu iska," in ji shi. "Direba, mu je mu zauna."

Fu'ad ya dubi ledojin, ya buɗe baki zai yi magana. Moro ya taka masa ƙafa.

"Injiniya, ɗora keken. Minti ashirin zan ba tsohon nan, sannan iska za ta zo."